Jan Maɓallin Tela

Mu huɗu ne muke wasan, a gindin wata tsamiya da ke bakin gonar gyaɗar mahaifina, a ƙauyenmu da ke kusa da Ɗanbatta. Da ni, da wani tela, da wani mai facin keke wanda Allah ya yi wa rasuwa tuni, sai malamin firamaren garinmu, wanda shi ya ƙirƙiro wasan. Duk muna samari a lokacin. Da an gama kaka an kai amfani gida, sai mu riƙa haɗuwa bayan azahar, mu shimfiɗa tabarma har a kira la'asar.

Malam ya zana wata ƙasa a bayan tsohuwar kalanda, da daji, da kogi, da garin da aljanu ke cin kasuwa, da wata rijiya da ya ce Dodo na ciki. Labarin kuma yana cikin wani littafin rubutu mai shuɗin bango. Kowannenmu ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi. Ni maharbi ne, alamata ƙwallon dabino. Tela falke ne mai jaki guda, alamarsa wani jan maɓalli da ya ciro daga gwangwanin ɗinkinsa. Malam shi ke faɗin abin da muka tarar a hanya, mu faɗi abin da za mu yi, sannan a jefa ƙwayar lido, mai ɗigo ɗaya zuwa shida, ta raba gardama.

Wata rana liman ya tsaya a kanmu ya ce, "Ba dai caca ba ko?"

Malam ya ce, "Allah ya tsare, Baba. Tatsuniya ce muke yi da rana."

"To, kada dai la'asar ta wuce ku."

Babu wanda ya kai tela son wasan nan. Har murya ya yi wa jakinsa. In ƙwaya ta ba shi ɗaya sai ya ce jakin ne ya ƙi tafiya, ya kama yi masa faɗa, mu yi ta dariya har mai faci ya kwanta. Rani biyu ya yi yana jan falken nan.

Dokar Malam ta wancan lokacin ba ta da sassauci. Wanda mutuminsa ya mutu ya fita, sai an kai ƙarshen labari. Ranar da muka isa rijiya, Malam ya ce Dodo zai ja ɗaya tsakanin maharbi da falke, wanda jifarsa ta fi ƙanƙanta. Tela ya jefa, uku. Na jefa, ƙwayar ta gangara ta shige ƙarƙashin gwiwata. Na leƙa na ga ɗaya. Da ɗan yatsa na juya ta, na ɗaga ƙafa na ce, "Shida!"

Abin da na yi ke nan. Ba wanda ya sa ni, kuma ban yi cikin ruɗewa ba. Ba na so in zauna ina kallo ne kawai.

Malam ya ɗauke jan maɓallin daga kan kalanda. Tela ya koma gefe. Sati uku yana zuwa ya zauna a gefen tabarma yana ɓare gyaɗa, ba murya, ba jaki. Daga nan ya daina zuwa. Wasan ma ya yi lami, ba mu kai ƙarshensa ba. Da damina ta wuce ya ɗora kekensa na ɗinki a mota ya koma Ungogo. Ba zan ce saboda wasa ya tashi ba, aiki ya bi. Amma tun daga lokacin, in mun haɗu wurin suna ko ta'aziyya, gaisuwa ce kawai, ni kuma ba na iya daɗewa ina kallon idonsa.

A bara Malam ya aiko a kira ni. Ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni. Na same shi a zaure da littafin nan, bangon ya koɗe, gara ta ci gefe. Ya ce jikokinsa sun so wasan, amma sun ce dokokin sun tsufa. A irin wanda suke gani a waya, ba a mutuwa da jifa ɗaya. Shi ma ya yarda, ya tsara sababbi a ka, yana so in sake rubuta tsohon labarin a kansu.

Muka yi ta yi, yana faɗa ina rubutawa da ɗan ilimina. Aikin ya fi yadda na zata. Kowane mutum yanzu yana da tsakuwa biyar na ƙarfi, sai sun ƙare yake faɗuwa, don haka dole aka ƙara wa kurayen daji yawa, in ba haka ba babu mai jin tsoronsu. Kogin da da ake ƙetarewa da sa'a, yanzu sai an nemo mai kwalekwale. Wani wurin Malam ya ce a bar shi yadda yake, don ya fi daɗi a haka.

Da muka zo shafin rijiya ya ce, "Rubuta: wanda Dodo ya ja bai mutu ba. Abokin tafiyarsa zai iya barin jifarsa ya zura masa igiya."

Na ajiye biro. A cikin gwangwanin da ya adana kayan wasan na ga jan maɓallin, kusa da ƙwallon dabinona. Nan na faɗa masa komai.

Ya rufe gwangwanin ya ce, "Ba ni ka yi wa ba."

Ranar kasuwar Ɗanbatta tela yakan zo sayar da riguna. Na same shi a rumfarsa, gemu duk furfura. Na yi ta kewaye-kewaye da tambayar iyali, har ya ce, "Maharbi, faɗi abin da ya kawo ka."

Na ce, "Ɗaya ce. Ba shida ba ce. Ka yafe mini."

Ya ci gaba da ninke riga. "Ai na gani. Ina daidai gwiwarka."

"Me ya hana ka magana?"

"Na ɗauka gobe za ka faɗa da bakinka. Sati uku ina zuwa, ka zaci gyaɗa ce ta kawo ni?"

Na gaya masa zancen sabuwar doka, na ce zan bar jifata in fito da falkensa.

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Kai, har yanzu wayo kake so ka yi! Wa ya jefa ɗaya? Maharbi ne a rijiya, malam. Igiya a hannuna take."

Haka aka yi. An sare tsamiyar tuni an yi gini a wurin, don haka a zauren Malam muke haɗuwa duk ranar kasuwa bayan azahar. An mayar da jan maɓallin kan hanya, ƙwallon dabinona kuma yana kan rijiya. Jakin ya dawo da muryarsa, sai dai ta ɗan dushe. Duk sanda jifa ta zo kan tela, Malam yakan tambaye shi ko zai zura igiya, shi kuma ya ce jakin ya ƙi juyawa.

Yau sati biyu ke nan ina gefen tabarma. Tela ya ce sai na cika uku. Ni nake zuwa da gyaɗar.