Motar Baba Bayan Rabon Gado

Wata biyar motar Baba na kulle a gidanmu na Nassarawa, don ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado. Da ta faɗo rabona, batir ya mutu, rimot ya ƙi aiki. Direbanmu ya zaro ɗan makullin cikin rimot ɗin ya buɗe.

Ina leƙa ƙarƙashin kujera sai na ga wani ƙunshi. Likkafanin da Baba ya sayo a Makka ne, a ledarsa. Ashe da shi ya tafi asibiti!

Ranar rasuwarsa mun birkice gida muna nemansa. Ni na kira kukunmu ɓarawo a gaban masu gaisuwa, na kore shi. Shekararsa ashirin yana dafa wa Baba abinci.