Malamar da Hannunta Ke Tsayawa a Gindin Tudu

Kafin mai shara ya gama da baranda, Malama Sannu-Sannu ta riga ta buɗe ɗakin ƙarshe, wanda ke jikin ma'ajiyar kujeru. Ɗakin 'yan koyo ke nan a makarantarmu ta kiɗa, kuma an kai shi can nesa ne saboda dalilin da duk mai kunne ya sani. Za ta sauko da gogunan yara daga ƙusoshin bango, ta ɗaure tsirkiyar da ta saki, ta shafa wa izgar gogawa ƙaro, ta jera ƙananan kujeru su kewaye ta. Daga nan sai a fara abin da mu malaman sauran ɗakuna muke kira kukan awaki. Ita ko a jikinta. Gogenta na hannunta tana bin yaran, bakinta bai gajiya da maimaita maganar da ta zame mata suna: "Sannu-sannu, a sake."

Shekara talatin da ɗoriya tana cikin wannan ɗaki. An sha yi mata tayin komawa ajin manya, inda ake shirya wasa a gaban jama'a har a tafa wa malami, amma ta ƙi. Da zarar hannun yaro ya faɗa sai ta miƙa mana shi, mu gyara ɗan abin da ya rage, mu kwashe yabon ba kunya. Mun ga yarinyar da ta zo ba ta iya ɗaga kai ta dubi mutum, ta fita daga hannunta tana kiɗa a tsaye. Mun ga tsohon direban da ya zo koyon goge bayan ya ajiye tuƙi, yatsunsa sun sandare, kowa ya ce ɓata lokaci ne, ita ta zauna da shi har ya kaɗa wa jikokinsa. Kusan duk malaman ƙungiyarmu ta masu koyar da kayan tsirkiya, da masu jita da masu garaya, a gabanta suka fara riƙe abin kiɗa, har da Shugaban ƙungiyar kansa.

To, da ritayarta ta matso, Shugaba ya same ta da wata magana da shi a ganinsa girmamawa ce.

"Malama, ranar bankwana ke za ki buɗe taro. Ki kaɗa mana kiɗan farko, wanda kika koya wa kowannenmu. Ke kaɗai."

"Ni kaɗai? To su wa zan bi?"

"Ba wanda za ki bi, Malama. Mu ne za mu zauna mu saurara."

Ta ce to, don ba ta ga abin wuya a ciki ba. Kiɗa ne da ta kaɗa fiye da yadda ta sha ruwa. Wuri ɗaya ne a cikinsa mai cizo, inda sauti ke hawa sama sai ƙaramin yatsa ya miƙe iya tsawonsa, kuma tun da can 'yan koyo suke kiran wurin Tudu. A nan ake kuka, a nan wasu ke rantsuwa sun bar goge har abada.

Da yamma ta zauna a falonta ta gwada. Mijinta, wanda tela ne, yana gefe yana warware ɗinki, kuma daga bakinsa na ji wannan. Kiɗa na tafiya lafiya lau, tana isowa gindin Tudu sai hannunta na dama ya ɗaga izgar daga kan tsirkiya. Shiru. Bayan ɗan numfashi hannun ya sauko da kansa, ya ci gaba daga bayan Tudu kamar ba abin da ya faru.

Ta dubi hannun. Ta sake daga farko. Ya sake ɗagawa.

"Maigida, ka ga abin da na gani?"

"Na ga kin tsallake wani wuri. Na ɗauka haka kiɗan yake, ai tun da na aure ki haka nake jin sa."

"Wane irin haka yake? Kiɗa ne da rami a tsakiya?"

"Ni dai ɗinki na sani. Amma kin yi kama da mai jiran wani ya shigo."

Ba ta kula shi ba. Ta gwada da sauri, ta gwada ido a rufe, ta gwada a tsaye. Ta canza kiɗa, sai ta tarar kowanne da nasa ramin, daidai wurin da ya fi wuya. Abin da ya fi ɗaure mata kai, a cikin kanta tana jin sautin Tudun tsaf, yatsun hagu ma suna taka wurarensu, hannun dama ne kawai ke yin gaban kansa. Tsoro ya kama ta sosai. Ta je wajen likita, ya murɗa hannun, ya sa ta matse nasa, ya ce lafiyarta ƙalau, ya tambaye ta ko tana jin zafi.

"Ba zafi, likita. Tashi yake yi."

"Ya tashi ya je ina?"

"Da na sani ai da ban zo ba."

Ya rubuta mata hutu. Matar da ake shirin yi wa ritaya!

Abin dariya ne a bakin mai ba da labari, amma ita ba dariya take yi ba. Ta fara tambayar kanta ko dama can ita ba makaɗiya ba ce, ko hayaniyar yara ce ta rufa mata asiri duk shekarun nan. Yau ga shi za ta tsaya a gaban waɗanda ta tasa a gaba da "a sake", ta kasa hawa Tudun da ta tilasta musu hawa. Ta je ofishin Shugaba da niyyar ta ce a cire ta, ta tarar da shi yana murna yana gaya mata waɗanda suka yi alkawarin zuwa daga nesa. Ta yi masa sannu da aiki ta fito.

Ranar taro zaure ya cika. Kowane malami da abin kiɗansa a cinya, domin an shirya bayan ta gama za mu yi mata kiɗan haɗin gwiwa. Ta hau dandamali, ta zauna, ta gyara mayafi, ta dubi hannunta na dama irin kallon da uwa ke yi wa yaro mai ƙiriniya a gidan baƙi. Ta fara. Ban taɓa jin gogenta shi kaɗai ba sai ranar, kuma wallahi yana da daɗi, mai taushi, ba gaggawa. Mijinta na layin gaba ya dunƙule hularsa a hannu. Tana matsowa kusa da Tudu na ga ta cije leɓe.

Hannun ya ɗaga.

Shirun bai kai ƙiftawar ido ba. Jitar Shugaba ce ta fara, sai goguna daga baya, sai garayata, wadda ban san lokacin da yatsuna suka hau kanta ba. Zauren nan kaf ya hau Tudu, tsofaffi masu furfura da sababbin malamai, kowa da mamaki a fuskarsa yana kallon na kusa da shi. Ita kuwa ta saki baki tana waige-waige. Muna sauka, hannunta ya sauko ya tarye mu, ta kai kiɗan ƙarshe.

Ba wanda ya tafa, don duk mun rikice. Ta dubi Shugaba ta ce, "Kai ka shirya wannan?"

"Wallahi Malama, ban shirya ba. Hannuna ne ya tafi." Ya dubi jitar da ke cinyarsa. "Ashe dama sakin mu kike yi a nan? Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka tare muke hawa."

Sai a lokacin ta tuna. Tun tana sabuwar malama ta lura cewa muddin tana kaɗa wurin tare da yaro, a bayan sautinta yake ɓuya. Shi ya sa ta fara ɗaga hannu a ɓoye, yaro ya haye shi kaɗai yana zaton tana tare da shi, sannan ta tarye shi a can gaba. Ta yi ta yi har ita kanta ta manta dabara ce, hannun ne bai manta ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta leƙa bayan zaure.

"Ku na layin baya, ƙaramin yatsanku bai kai ba. Sannu-sannu, a sake."

Muka sake, muna dariya muna hawaye.

Malama, ke ce kika ba da wurin da ya fi kowane daɗi a kowane kiɗa, kika bar mana shi har ya fita daga hannunki. Ke ce mai ɗakin ƙarshe, uwar masu kukan awaki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma 'yan'uwana malamai, mu da muke son a ji mu a kowane layi, mu koyi ɗaga hannu mu bar yaro ya ji kansa.

Har yau ba ta iya hawa Tudun ita kaɗai ba, kuma ta daina ƙoƙari. Da yamma idan hannun ya tashi, tela ne ke cike wurin da yin fito da baki, yana kan keken ɗinkinsa. Ta ce fiton nasa bai kai ba ko kusa, amma sun fara aiki a kai.