Rabon Datti a Tafkin Marke

Tsakanin Toranke da Gafasa akwai wani tafki da ake kira Tafkin Marke. Ba babba ba ne. Da damina yakan cika har ya taɓa gonakin gero, da bazara kuma ya janye ya bar laka da sawun shanu. Duk wanda ya san tafkin ya san Sadisu, wani dogon mutum mai ɗan ranƙwafawa, wanda ko gaisuwa ba ya ja da tsawo. Gonata tana maƙwabtaka da tasa, shi ya sa na ga abin da na gani.

Su Sadisu masunta ne tun kakanni, amma aikin gidansu bai tsaya ga kamun kifi ba. Kogi ya daɗe da daina kawo wa tafkin ambaliya, saboda haka kifin da ke cikinsa shi ne ke cikinsa, babu mai shigowa daga wani wuri. A shekarar da bazara ta yi tsanani, ruwan kan ƙafe ƙaf. Don haka kowace shekara, idan ruwa ya fara janyewa, mutanen gidan su Sadisu sukan zaɓi tarwaɗa masu lafiya su kwashe su a tuluna zuwa wata tsohuwar rijiya mai faɗin baki da ke bayan gidansu. Ana kiranta rijiyar iri. Can kifin zai zauna har ruwan sama ya sauka a mayar da shi.

Tarwaɗar tafkin kala biyu ce. Akwai mai hasken fata, mai ƙiba, wadda ke kiwo a bakin ruwa cikin bado da ciyawa. Akwai kuma baƙa, siririya, mai faɗin kai, wadda ba ta barin gurbi, wato ramin nan mai zurfi da ke ƙarƙashin itacen marke. Ruwa ɗaya suke sha, amma ba ka ganinsu tare. A kasuwar Ajingi mai haske ake rububi. Baƙar kuwa mata kan ce tana warin laka.

Kafin mahaifinsu ya rasu ya raba wa 'ya'yansa biyu aikin. Datti, babban, shi ke da gurbi da baƙar tarwaɗa. Sadisu shi ke da bakin ruwa da mai haske. Ya kuma ce kada ɗaya ya sa ƙafa a rabon ɗan'uwansa. Ina jin gudun rigima ya yi, don ya ga yadda gado ke raba zumunci. Rigima kuwa ba a taɓa yi ba. Shekara da shekaru za ka gan su da hantsi, wannan a gabas, wancan a yamma, kowa da komarsa ta kamun kifi. Su haɗu a bakin rijiya, kowa ya juye tulunsa, su yi wa juna sannu, su shiga gida ɗaya ta ƙofa ɗaya.

Hanne, matar Sadisu, ita ta fara rasuwa. Ba su da ɗa namiji, 'yarsu kuma aure ya kai ta nesa. Sai Datti ya bi, bayan 'yar gajeriyar jinya. 'Ya'yansa maza tuni suna Kano suna sayar da kayan waya, matarsa Bara'atu kuma ta koma Balan wurin 'yarta. Gidan ya zama daga Sadisu sai kaji.

Bazarar da ta biyo baya ya kwashi iri kamar kullum, amma mai haske kaɗai. Na taɓa ce masa, “To gurbin fa?”

Ya ce, “Na Yaya ne.”

Na ce, “Ai Yaya ya riga mu.”

Ya ce, “Haka ne.” Ya ɗauki tulunsa ya wuce.

An yi 'yan shekaru a haka, ba abin da ya faru. Gurbin bai ƙafe duka ba, kifin rijiya kuma yana komawa tafki lafiya. Har wasu suka ce gara haka, tafkin ya cika da mai tsada.

Sai shekarar da ruwa ya yi jinkiri. Zafi ya yi zafi, tafkin ya koma faƙo, sai ɗan baƙin taɓo a gindin marken. A lokacin ne Sadisu ya leƙa rijiya wata safiya ya ga kifi biyu sun juya ciki sama. Ya ciro su, ya ga wani jan gyambo a gefen jikinsu. Kashegari ya ciro fiye da haka. Ya sauya ruwa, ya zuba gishiri, ya jiƙa ganyen darbejiya. Kullum da safe sai ya sauke guga ya kwaso gawa, ya haƙa rami a bayan danga ya rufe, don kada kaji su ci. Bai gaya wa kowa ba. Ni ma warin ne ya kai ni.

Malamin gona na yankinmu ya ji labari, ya zo da wata mace mai binciken kifi daga wata makaranta, ana kiranta Malama Muslima. Ta zo da akwatin ƙanƙara da 'yan kwalabe. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar 'yar gida, ta duba kifin ɗaya bayan ɗaya, tana yankar ɗan gefen wutsiya tana jefawa a kwalba.

Ta ce, “Baba, duk irin wannan ce a tafkin?”

Ya ce, “Akwai baƙa.”

“Ina take?”

Ya nuna wajen marken da haɓa.

Ta zauna a bakin rijiyar ta yi masa bayani a hankali. Ta ce kowane kifi yana gadon garkuwar jikinsa daga iyayensa, kamar yadda yake gadon launin fata. Wanda kakanninsa suka rayu a laka ya saba da cututtukan laka, wanda nasa suka rayu cikin ciyawa ya saba da na ciyawa. Ko da a tafki ɗaya suke, abin da jikin wannan zai gane ya yaƙa, jikin wancan yana iya ƙyale shi ya shiga. Ta ce a wasu ruwaye an auna an ga haka, amma na nan ba za ta ce ta tabbatar ba sai ta duba.

Ta ce, “Wata shekarar cutar da za ta zo baƙar za ta kayar, ta bar wannan. Shi ya sa ajiye su biyun ya fi. Wanda ya fara wannan rijiya ya yi tunani.”

Sadisu ya leƙa cikin rijiyar.

Ta ce, “Idan akwai sauran masu rai a taɓon can, a ciro su kafin ya bushe. Amma kada a sa su nan. A samo duro mai tsabta da ruwan wata rijiyar.”

Ya ce, “To, 'yata. Allah ya yi albarka.”

Da suka tafi na ɗauka zai nufi gurbin. Sai na ga ya shiga gida ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tsayar da ɗan acaɓa. Ya ce Balan za shi. Na ce ni ma ina da wanda zan gaisar a can, ya matsa na hau bayansa.

Mun tarar da Bara'atu a zaure tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa, amma bakinta bai tsufa ba. Tun tana amarya take tsokanar ƙanin mijinta, ba ta kuma daina ba.

Ta ce, “Lale! Sadisu ne da rana tsaka, har da babbar riga? In zawarci ka zo ka makara, haƙorana sun zube.”

Ya ce, “Ni ma nawa ba su cika ba, Yaya.”

“To madalla, sai mu sha kunu tare. Zauna mana, ka tsaya kamar wanda ya zo karɓar haraji.”

Ya zauna a gefen tabarma. Aka gaisa, aka tambayi yara, aka yi maganar zafi. Sai da aka kawo ruwa ya sha sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce iri yana mutuwa, ya ce yana neman izinin shiga gurbi.

Ta ajiye gyaɗar. “Izini? A wurina?”

“Rabonsa ne.”

“Kai Sadisu! Wato duk shekarun nan ba ka taɓa shiga ba?”

“Baba ya ce kada a shiga.”

Muryarta ta sauka. Ta ce, “Ka san da ƙafar yayanka ta fara ciwo, duk ranar kwasar iri sai ya tsaya a ƙofar ɗakinka kafin ya fita? Ya tsaya, ya gyara murya, ya wuce. In ce masa ka kira shi mana ya riƙe maka igiya. Ya ce a'a, in yana so zai zo da kansa.”

Sadisu ya ce, “Ina jin gyaran muryar.”

Sai ta share ido da gefen mayafi ta ce, “Je ka shiga. Ka ɗaura igiya a marken, ka ɗaura a ƙugu. Kada ka taka tsakiya, zai haɗiye ka. Ta gefen saiwoyi yayanka yake bi, can kifin suke ɓuya. Ka laluba da ƙafa kafin hannu, ƙayarsu ba ta da mutunci. In ka nutse kuma kada ka ce ni na aike ka.”

Washegari da hantsi muka je. Ni na riƙe igiyar, don babu wani. Taɓon ya riga ya tsattsage a gefe, tsakiyar kaɗai ke da danshi, ƙudaje sun rufe shi. Sadisu ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya tsaya a baki har na ɗauka ya fasa. Sannan ya sa ƙafa. Ya nutse zuwa gwiwa, zuwa ƙugu. Yana tafe yana dafa saiwoyi kamar baƙon da ya shiga ɗakin da ba nasa ba.

Na farkon da ya ciro matacce ne, na biyu ma haka. Rana ta ɗaga. Na ce ya fito ya huta, bai ji ni ba. Can sai na ga ya tsaya cak, ya sunkuya har haɓarsa ta taɓa laka, ya ɗago da wani abu baƙi yana mutsu-mutsu. Ya goge shi da tafin hannu, ya juya shi ciki da baya. Akwai tabon gyambo a gefensa, amma ya warke.

Bai samu da yawa ba. Ba su cika tulu ɗaya ba. Ya kai su gida ya zuba a duron roba a inuwar ɗakin Datti, yana ɗebo musu ruwa daga rijiyar masallaci. Na cikin rijiyar iri kuwa suka ci gaba da mutuwa, har ranar da ya sauke guga, gugan ya dawo da ruwa zalla.

Ruwan sama ya sauka a ƙarshe, tafkin ya ɗauka. Sadisu ya mayar da baƙaƙen, suka nufi gindin marke ba tare da an nuna musu hanya ba. Da kaka aka fara ganin ƙanana a gurbin, baƙaƙe ƙirin. Malama Muslima ta aiko da saƙo ta bakin malamin gona cewa ta ga bambanci a garkuwar kala biyun, kuma za ta nemi mai haske a wasu tafkunan ko za a dace. Har yanzu ana jira.

Yanzu da bazara Sadisu gurbi yake shiga, ni ko wani mu riƙe igiya. Amma sauran shekara, in ka bi ta wurin da hantsi, a gabas za ka same shi, a bakin ruwa, zaune cikin ciyawa da komarsa a gefe. Bado ya yi kyau sosai a wurin. Ba abin da ke motsa shi.