Tsohuwa a Kujerar Direba

A bakin titin Mafara, kusa da masu faci, wata a-kori-kura tana tsaye, an lafta mata kayan ƙaura: turmi, tukwane, har da ƙyauren ɗaki. Daga ƙauyukan Maradun ta fito, waɗanda ruwan madatsar Bakolori zai cinye.

A kujerar direba kuwa wata tsohuwa ce zaune, 'yar firit, ƙafafunta suna lilo. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu kamar faifai. Direban yana kwance a ƙarƙashin motar, yana neman abin da ke sa sitiyarin fizga, don ba zai shiga gargada da ita a haka ba.

"Gwaggo, juya dama a hankali!"

Tana juyawa tana cije leɓe. Sitiyarin ya tafi sumul, sai ya ƙage, sai ya fizge.

"Hamidu, ga shi nan! Ya yi mini irin na akuya a igiya."

"Riƙe nan! Na gani, ƙarfen da ke jan taya ne ya yi sako-sako."

Ko motsi ba ta yi. Da alama ba ta taɓa zama a gaban mota ba sai yau, amma wannan hannu ya saba riƙon amana.

Ya ɗaure noti, ya fito yana share hannu. Ita kuwa ba ta sauka ba, sai ta leƙo ta taga.

"Hamidu, in na juya shi duka, gida za ta koma?"