Waken Chindo

Chindo ɗan garin Alela ne, amma tun yana saurayi ya bar wa ƙannensa gonar ubansu, ya ce shi ba a yi hannunsa don hauya ba. Ya zo Birnin Ƙonni ya zama dillalin wake. Yakan sayi waken manoma da kaka, ya jibge a sito, sai ya yi tsada ya loda a kamiyo, babbar motar kaya, ya tsallaka da shi Najeriya.

Ƙwari ne abokan gābarsa, kuma bai taɓa yarda ya sayi buhun nan mai leda biyu da ma'aikatan gona ke ta faɗa ba. Maganin feshin gona yake tsiyayawa cikin waken, ya ɗinke. Abin alfaharinsa ke nan a majalisa. Yakan ce masu binciken amfanin gona na bakin iyaka ba su san wake ba sai a cikin shinkafa. Shekara da shekaru kayansa na wucewa, shi kuwa yana ƙara tumbi.

Sai aka kawo wata sabuwar ma'aikaciya bakin iyakar, Mansura Idrissa. Ranar da kamiyon Chindo ya iso, ta hau da kanta, ta soka ƙarfe a buhun ƙasa, ta shinshina waken da ya zubo, ta kawar da kai.

"Alhaji, wanga kaya ba shi wucewa. Akwai guba ciki. Za a ɗebi kaɗan a kai awo."

"Guba? Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nike wagga sana'a."

Direbobi da 'yan kabu-kabu suka taru. Chindo bai iya jure ido ba. Ya sa aka ɗebo kwano guda aka kai wa mai abinci ta bakin hanya, ya ce a dafa. Mansura ta hana, ta ce za ta kira jandarma. Kafin su zo an dafa, ya zauna kan benci, ya naɗe hannun riga, ya cinye tas da mai da yaji, yana kallon jama'a ɗaya bayan ɗaya.

Bai kai la'asar a tsaye ba. Nan gindin tayar kamiyonsa aka same shi durƙushe, yana amai, yawu na dalala a kan babbar rigar shadda. A bayan babur aka kai shi likita, wani na riƙe da shi kamar buhu. Kayan kuwa aka sauke, aka ƙone bayan gari.

Da ya warke bai ce ya yi kuskure ba. Sammu ne, in ji shi, abokan sana'a suka yi masa. Har yau haka yake faɗa, ana gyaɗa masa kai, in ya tashi a yi dariya. Da aka je yi wa matarsa Balki jaje, ta ce ita dai yaranta lafiya lau suke, don ba ta taɓa ɗora waken mijinta a wuta ba. A kasuwa take awo.