Rigar Aro ta Malam Zubair Mai Hoto

Shekara talatin da ɗoriya Malam Zubair ya yi yana ɗaukar hoto a bakin tashar Funtua, kafin waya ta zo ta mayar da duk mai yatsa gwani. Har gobe in ya ga saurayi yana murguɗa baki gaban waya, tsaki yake ja. "Sana'a ta mutu, ko sallah ba a yi mata ba."

A zamaninsa, manomi na sayar da auduga sai ya biyo shagonsa, ƙafa duk faso. Malam Zubair ya zura masa babbar rigar aro, ya ɗaura masa agogon da ba ya tafiya, ya ɗora masa rediyo a cinya. Rigar ɗaya ce tak, da ƙunar dutsen guga a kafaɗar hagu.

Ran nan 'yarsa Najiba, malamar makaranta a Malumfashi, ta nuna masa hotunan da ɗakin karatu na wata jami'a ya tattaro gida-gida ya zuba a intanet.

"Baba, wai attajiran auduga na ƙasar Funtua."

Ya gyara tabarau, ya fashe da dariya. "Attajiri? Wannan ai Shitu ne na Mahuta, jaki ma aro yake yi. Wa suka ce ya ɗauka?"

"Sun ce ba a san mai ɗauka ba."

Nan dariya ta ƙare. Shago ya rushe, kyamara ta yi tsatsa, sunan nan kaɗai ya rage masa, shi ma masu digiri sun share.

Najiba ta yi ta aika saƙo har mai kula da hotunan, Dokta Abdulmutallib, ya zo da kansa. Ya gaida tsoho da ladabi, sannan ya nemi shaida, tunda babu hatimi a bayan ko ɗaya.

"Dokta, tabon nan na kafaɗarsu, me bincikenku ya ce?"

"Muna kyautata zaton alamar ƙungiyar fatake ce, Baba."

"Ƙungiya." Malam Zubair ya dubi Najiba. "Kin ji abin da ake kwana jami'a ana koyo."

Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya warware rigar a tabarma. Ga ƙuna nan inda take.

"Attajiri arba'in da ɗaya, riga ɗaya. Ko dutsen gugar ne ya bi su gida-gida?"

Dokta ya sunkuyar da kai, ya ciro biro.

Bayan mako biyu Najiba ta kawo masa wayar. Ƙarƙashin kowane hoto an sa: Zubair Mai Hoto, Funtua. Ya daɗe yana kallo, yatsansa na bin haruffan.

"Sun ƙanƙanta rubutun," in ji shi. Amma bai mayar mata da wayar ba sai da aka kira la'asar.