Tuwon Da Na Mayar A Rufe

A wancan lokacin ni matar manomi ce a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, kuma in faɗi gaskiya, ina ji da kaina. Rumbunanmu ba sa rabuwa da gero da dawa, wake kuwa har kasuwa muke kaiwa. Ni ce mai bayarwa a unguwarmu. Da mutanen ƙauyukan bakin daji suka fara gudowa suna kwana a rumfunan kasuwa, kullum da la'asar sai na tuƙa tuwo na aika musu, wani lokacin na haɗa da tsofaffin zannuwa. Ina jin daɗin addu'arsu, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin a ce daga gidan wance aka kawo.

Sai abin ya iso kanmu. 'Yan bindiga suka shigo bayan girbi, suka kora shanu, suka cinna wa rumbuna wuta. Allah ya tsare rayukanmu, muka fito da kayan jikinmu kawai, ni da maigidana da jaririyata a goye. Muka ƙare a Gummi, cikin wani kango da ba a gama ginawa ba, buhu ne ƙofarmu. Maigidan ya bar mu nan ya nufi Anka, ko zai samu leburanci wajen masu haƙar zinariya.

Akwai wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da gidanta ke kallon kangon, kowa Inna yake ce mata. Ranar da muka sauka ta kawo mini kwanon tuwo da miyar kuka da kanta. Na cinye, don yunwa ba ta san baƙunta ba. Amma da na tashi mayar da kwanon sai na rasa abin da zan saka a ciki. A gidanmu an hore mu cewa kwanon maƙwabciya ba ya komawa wayam, ko 'yar daddawa ce ko barkono sai an saka a ciki. Ni kuwa ko gishiri ba ni da shi. Na wanke na kai mata haka nan, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga nan na yanke wata shawarar banza. Duk ranar da ta kawo, sai in bari a ɗan jima, in mayar mata da kwanon a rufe da tuwonsa, in ce 'yan'uwan maigidana sun riga sun aiko mana. Babu wasu 'yan'uwa. Ɗan abin da nake samu in na yi wa wani gida surfe shi nake jiƙawa in sha, wata rana ma ruwa zalla.

Ba a daɗe ba Inna ta daina kawowa. In mun haɗu a bakin rijiya sai ta amsa gaisuwa a taƙaice ta wuce. Ni a wautata har daɗi na ji, wai na tsira da mutuncina.

Sai nono ya fara ƙafewa. Yarinyar ta yi ta tsotso tana kuka har kukan ya daina fita sosai, wuyanta ya saki, fatar cinyarta ta yi yaushi. Na ruga da ita asibiti. Ma'aikaciyar ta duba ta, ta juyo ta tambaye ni abin da na ci tun jiya. Na fara kame-kame. Ta ce ba za ta yi mini rufa-rufa ba, rabin maganin yarinyar nan cikina ne, in ban ci na ƙoshi ba zan rasa ta kafin damina. Tsoron da na ji a wurin ya fi na ranar da muka gudo.

A hanyar komawa na yi wa kaina faɗa sosai. Girman kai rawanin tsiya, kuma ni na naɗa shi da hannuna. Ban ko shiga kangon ba, na wuce gidan Inna da rana tsaka, na tarar da mata cike da tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Na durƙusa a gabansu duka na faɗi gaskiya, cewa ba ni da kowa a garin, yunwa nake ji, ɗiyata kuma tana shirin mutuwa.

Inna ba ta lallashe ni ba, wanke ni ta yi tas. Ta ce a garin nan in aka mayar wa mace tuwonta a rufe, ɗayan biyu ake nufi, ko ƙazama ce ko ana zargin ta zuba wani abu a ciki. Ta ce har an fara tsegumi a unguwa, wai 'yar gudun hijira ma ta ƙi abincinta, lalle da dalili, kuma ita da tsufanta sai da ta zubar da hawaye a ɗaki. Ashe ina can ina tsaron mutuncina, nata nake zubarwa. Ta tashi ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Da na kawo maganar kwano, ta ce ita tukuicinta ta ga an suɗe shi ƙal.

Tun daga ranar na ɗaure wa kaina cewa duk abin da aka miƙo zan karɓa da hannu biyu in yi godiya a fili. Na ci na Inna, na ci na maƙwabtanta, kunya na cizona ina haɗiyewa. Sannu a hankali nono ya dawo. Yanzu muna da ɗakin haya, ina suyar ƙuli tare da Inna, in an samu sababbin masu gudowa ni ke kai musu abinci, kuma nakan zauna mu ci tare don kada su ji abin da na ji.

Ina jan kunnen duk wadda duniya ta juya wa baya, kada ta ce za ta yi wa yunwa kara, musamman in tana da goyo. Karɓa da godiya ba faɗuwa ba ce, wanda ya ba ka ma yana da zuciyar da ake iya karyawa. Ɗiyata ta rayu, alhamdulillahi, amma ta makara wajen tafiya, kuma har yau ta fi sa'o'inta ƙanƙanta. In ana tsokanarta da 'yar tsurut sai ta yi dariya, ni kuwa ba na iya yi, don na san tuwon da na mayar a rufe ne.